Idan mutum ya mutu a hannun 'yan sanda: abin da dangi za su yi kafin a rufe gawa da bayan an rufe

Yadda labarin yakan iso gida kusan iri ɗaya ne. An kama mutum jiya da yamma yana tafiya da ƙafafunsa, yau da hantsi an aiko mai unguwa ya ce ana neman mahaifinsa a caji ofis. Idan an je sai a ce ya yanke jiki ya faɗi a bayan kanta, ko ya yi yunƙurin gudu, ko bindiga ce ta tashi da kanta. Kafin azahar an miƙo takarda an ce a sa hannu a karɓi gawa. Dangi suna cikin ɗimuwa, rana tana yi, liman yana jira, an riga an tura masu haƙan kabari. Kafin la'asar an rufe shi, kuma tare da shi an rufe mafi yawan abin da alƙali zai nema daga baya. Duk wanda ya san yadda irin waɗannan shari'o'i suke tafiya ya san kwana biyun farko su ne komai, don haka a kansu za mu fi tsayawa.

Kaki bai ɗauke wa kowa hukuncin kisa ba

Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin rayuwa, sannan ya ware wurare uku da ƙarfi zai iya kaiwa ga salwantar rai ba tare da an ce an keta wannan haƙƙi ba: kare mutum daga farmaki ko kare dukiya, kama mutum bisa doka ko hana wanda ke tsare tserewa, da kwantar da tarzoma ko tawaye. A nan lauyan ɗan sanda yake fakewa. Sai dai sashen ya ɗaure wannan togaciya da sharaɗi biyu: ƙarfin ya zama wanda doka ta yarda da shi, kuma ya tsaya gwargwadon abin da ake buƙata. Mai Keke Napep da ya ƙi tsayawa a shingen bincike a hanyar Samaru ya yi laifi, amma ba laifin da ake harbi a kansa ba. Rundunar 'yan sanda da kanta ta sabunta umarninta mai lamba 237 a kan amfani da makami a 2019, ta taƙaita harbi ga inda ran wani ke cikin haɗari a take, ko ake fargabar mummunan rauni. Gudu kaɗai bai halatta harsashi ba.

A Zariya dokar hukunta laifuka ta Jihar Kaduna ta 2017 ce ke aiki, wadda ta gaji tsohuwar dokar Arewa. Lauyoyi da dama har yanzu da tsoffin lambobi suke magana: sashe na 221 shi ne kisan da hukuncinsa kisa ne, wanda a dokar Kaduna ya koma 190. Abu uku mai gabatar da ƙara zai tabbatar: mutum ya mutu, aikin wanda ake tuhuma ne ya kashe shi, kuma ya yi da niyyar kisa ko ya san mutuwa ce abin da ya fi rinjaye zai biyo baya. Wanda ya saita AK-47 a ƙirjin mutum ya danna kunama ba zai ce bai san abin da zai faru ba.

Akwai mataki na ƙasa da wannan, tsohon sashe na 222, kuma ya kamata dangi su san shi don kada hukunci ya zo musu a ba-zata. Ma'aikacin gwamnati da ya wuce iyakar ikonsa har ya kashe mutum, alhali da zuciya ɗaya ya ɗauka abin da yake yi halal ne kuma dole ne a aikinsa, ba tare da ƙiyayya ga mamacin ba, kisansa yana faɗawa nan. Haka wanda ya kashe ta hanyar ganganci ko sakaci. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai, yana iya zama ƙasa da haka. Shi ya sa shaidar cewa akwai tsohuwar gaba, ko an yi sa-in-sa a kan kuɗi kafin harbin, ko an ji jami'in yana cewa "zan kashe ka babu abin da zai faru", take da nauyi ƙwarai. Ita ke raba matakin farko da na biyu.

Idan dukan tambaya ne ya yi ajalin mutum, Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta shigo. Azabtarwa kaɗai tana jawo ɗaurin da ya kai shekara 25, idan kuma ta kai ga mutuwa ana shari'arta a matsayin kisan kai. Dokar ba ta tsaya kan mai riƙe da kulki ba. Wanda yake tsaye a ɗakin ana yi, da babban da ya ba da umarni, duk masu laifi ne, kuma shugaban sashen yana da nasa kason idan sakacinsa ne ya buɗe ƙofa. "Oga ne ya sa ni" ba kariya ba ce. A shari'ar mutum shida na Apo da aka kashe a Abuja a watan Yunin 2005, Babbar Kotun Birnin Tarayya ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa a watan Maris na 2017 duk da cewar da suka yi umarni suka bi. Ta sallami uku saboda shaidar da aka kawo a kansu ba ta isa ba. Dangi su riƙe duka biyun: ana iya hukunta ɗan sanda, kuma inda shaida ta yi rauni sai a sallame shi.

Wani abu da ake yawan ruɗa dangi da shi shi ne cewa "ai dama yana da ciwo". A dokar kisan kai, wanda ya ji wa marar lafiya rauni har ya gaggauta mutuwarsa shi ya kashe shi. Mai sikila, mai asma, mai ciwon sukari da aka hana shi maganinsa a bayan kanta, ciwonsa bai wanke kowa ba.

Ranar farko

Idan da sauran numfashi, asibiti kafin komai. Dokar 2017 a kan masu raunin harbi ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe su ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Idan yana iya magana a tambaye shi wa ya yi masa, a ina, da me, a ɗauka a waya a gaban ma'aikacin jinya. Kotu tana karɓar maganar da mutum ya yi a kan sanadin mutuwarsa alhali yana ganin mutuwa ta zo masa. Wanda aka sako bayan duka kuma, a lura da fitsarinsa. Idan ya koma kalar baƙin shayi ko ya ragu sosai, naman jikin da aka daddaka ne yake toshe ƙoda, kuma yana iya kashe shi bayan kwanaki yana kwance a gida. A kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru don ya shiga kati. Katin nan shi ne zai haɗa dukan da mutuwar.

Idan rai ya riga ya yi halinsa, a zaɓi mutum biyu ko uku masu sanyin kai su je ofishin, baffa ko kawu da wani mai karanta Turanci sosai. Mahaifiya da matar mamaci su zauna a gida, haka matasan da jininsu ke tafasa. A tafi da littafi da biro. A rubuta lokacin da aka isa, sunan wanda aka gana da shi da muƙaminsa, da abin da ya ce kalma da kalma. Bayanin farko da aka ba dangi yakan bambanta da wanda zai shiga fayil bayan mako guda, kuma wannan bambanci shaida ne.

Sai maganar takarda. Jami'i zai ce, "Baba, ka sa hannu a nan mu ba ku gawa ku je ku yi mata sutura, mu ma ba ma son a wahalar da mamaci." Sau da yawa abin da ke cikin takardar, ko takardar rantsuwar da za a ce a je kotu a yi, shi ne dangi ba sa son binciken gawa kuma ba sa zargin kowa. Amsar da ta dace, cikin ladabi, ita ce: "Ranka ya daɗe, a ba mu kwafi mu nuna wa lauyanmu tukuna. Gawa kuma muna roƙon a bar ta a firji har likita ya duba." Kada a sa hannu a farar takarda, kada a dangwala yatsa a abin da ba a karanta ba. Idan an riga an sa, magana ba ta mutu ba, domin takardar dangi ba ta soke laifin kisa. Amma a sanar da lauya nan take ya rubuta cewa an janye ta, ya faɗi halin da aka sa hannun a ciki.

Mutuwar wanda ke tsare tana cikin waɗanda doka ta ce dole alƙalin binciken mutuwa ya bincika, ko da an ce ciwo ne. A takardun kotu Coroner ake rubuta shi, kuma majistare ne ke riƙe da wannan aiki. Takardu uku ke yawo a nan: fom B wanda 'yan sanda ke cikewa su sanar da mutuwar, fom C wanda majistare ke sa wa hannu ya umarci likita ya binciki gawa, da fom D wanda likita ke rubuta abin da ya gani. Matsalar a fili take: waɗanda ake zargi su ne ke cike fom na farko, an ba kura ajiyar nama ke nan. Don haka lauyan dangi ya rubuta wa babban majistare kai tsaye ya sanar da mutuwar, ya nemi umarnin bincike, kada a jira ofishin da abin ya faru a cikinsa.

Gawa ita ce babbar shaida

Mun san nauyin wannan magana a garin nan. Gaggauta jana'iza sunna ce, kuma babu uban da ke son a taɓa jikin ɗansa da wuƙa. Amma malamai sun duba mas'alar tuntuni. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yanke a 1987 cewa binciken gawa ya halatta idan alƙali na buƙatarsa don gano sanadin mutuwa a shari'ar kisa. Aya ta 33 a Suratul Isra'i kuma ta ba waliyyin wanda aka kashe bisa zalunci iko a kan haƙƙinsa. Jinkirin kwana ɗaya ko biyu don tsayar da wannan haƙƙi ba wulaƙanta mamaci ba ne. Yana da kyau a sa limamin unguwa cikin shawarar tun farko, domin idan shi ya yi wa mutane bayani, surutun "sun hana a rufe shi" yakan kwanta.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin binciken gawa, kuma a nan kusa ya fi dacewa a nemi a yi aikin. Likitan da ya duba gawa da ido ya rubuta takarda daban yake da ƙwararren da ya buɗe ya bincika. Aikin kansa yakan ɗauki sa'a biyu zuwa uku. Abin da ke cinye lokaci shi ne takardu, shi ya sa ake fara bin su tun safe.

A mutuware a faɗi abu ɗaya da babbar murya, a kuma rubuta: a sa a firji, kada a yi allurar hana ruɓewa kafin bincike. Sinadarin yana canja launin jiki, yana ɓata gwajin jini da na guba. A zafin Maris da Afrilu gawar da aka bari a waje tana fara canjawa cikin yini guda, kumburi da baƙin ruɓewa su rufe tabon duka. A tambayi ma'aikatan mutuware wa ya kawo gawar, ƙarfe nawa, a wace mota, domin suna da rajista. Idan an ce a asibiti ya cika, katinsa zai nuna ko da rai aka kawo shi ko gawa aka kawo.

Dangi suna da damar neman likitansu ya tsaya a wurin binciken, kuma ya kamata su nema. A roƙi a ɗauki hoton ƙashi kafin a buɗe, don ganin karaya da inda harsashi ya maƙale. Idan an ciro harsashi a sa shi a ƙaramar kwalba ko ambulan, a rubuta suna da kwanan wata, mai bayarwa da mai karɓa su sa hannu. Harsashin da ya bi hannu uku babu sa hannun kowa, lauyan wanda ake tuhuma zai ce ba shi ba ne.

Ko za a yi binciken ko ba za a yi ba, a ɗauki hotuna kafin wanka, da hasken rana ko fitila mai kyau. A fara da jiki gaba ɗaya, gaba da baya, da fuska a fili don a san waye, sannan kowane rauni daga kusa, a ajiye rula ko murfin biro a gefensa don a gane girmansa. A duba wuyan hannu da idon sawu, inda ankwa ko igiya ke barin zobe idan an rataye mutum. A duba tafin ƙafa, bayan cinya, gadon baya, cikin leɓe, da ƙarƙashin gashin kai. Dukan sanda ko kulki yana barin layi biyu a jere da fari a tsakaninsu. Ramin da harsashi ya shiga yawanci ƙarami ne zagayayye, inda ya fita ya fi faɗi da yagewa, kuma baƙin hayaƙi ko ɗige-ɗige a bakin ramin alama ce ta harbi daga kusa. Wanda aka ce ya tasam ma jami'i da wuƙa amma harsashi ta baya ya shige shi, jikinsa ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuskuren da dangi ke yi a nan. Bayan mutuwa jini yana kwanciya a ɓangaren jikin da ke ƙasa, sai bayan mamaci ya yi duhu kamar an yi masa duka. Wannan ba duka ba ne, likita yana bambance su da ɗan tsagawa. Idan dangi suka kafe a kan abin da ba rauni ba, sai a yi amfani da shi a zubar da sauran maganarsu. Haka kuma ana iya kashe mutum ba tare da babban tabo ba: a kifa shi rub da ciki, hannu ɗaure a baya, a danne gadon bayansa ko wuyansa da gwiwa har numfashi ya gagara. Irin wannan sai shaidun ido da binciken ciki.

Kayan jikinsa kada a wanke, kada a ba da sadaka. A shanya su a inuwa su bushe, a sa kowanne a jakar takarda ko a naɗe da takarda mai tsabta. Leda tana tara gumi, jini ya yi funfuna ya lalace. Masu wankan gawa kuma shaidu ne. A zaɓi mutum biyu masu natsuwa da za su iya tsayawa a kotu, bayan jana'iza kowanne ya faɗi abin da ya gani a rubuta, ya sa hannu da kwanan wata.

A karanta takardar shaidar mutuwa da kyau. Idan abin da aka rubuta kawai shi ne zuciya ta tsaya ko numfashi ya tsaya, ba a faɗi komai ba, domin kowane mamaci zuciyarsa ta tsaya. Abin da ake nema shi ne me ya tsayar da ita.

Idan an riga an rufe, alƙalin binciken mutuwa yana da ikon ba da umarnin tono gawa. Mamacin da aka sa a likkafani kawai naman jikinsa ba ya daɗewa, amma karayar ƙashi da harsashi suna nan. A sa wa kabarin alama, a riƙe mutum biyu da suka san wurin. Kotunan Nijeriya kuma suna yanke hukuncin kisa ba tare da rahoton likita ba idan an harbi mutum a gaban jama'a ya faɗi nan take. Mutuwar bayan kanta, inda babu mai gani sai waɗanda ake zargi, ita ce ke da wuyar tsayuwa in babu likita.

Mutane da littattafai

Shaidu suna watsewa da sauri. Mai shayin da aka yi kamun a gabansa, 'yan acaɓan bakin layi, da musamman waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mamacin a bayan kanta. Waɗannan su suka ji ihu, su suka buga ƙofa suna neman a kai shi asibiti. Wasu za a ba da belinsu cikin kwana biyu, wasu a tura su gidan gyaran hali, inda lauya zai iya ziyartarsu. A samo sunayensu da na danginsu tun a ranar. Kowane shaida a ɗauki bayaninsa shi kaɗai, da kalmominsa, kada a tara su a zaure ɗaya su daidaita baki. Labari iri ɗaya sak daga bakin mutum biyar yana sa alƙali zargi.

Bidiyo a bar shi a wayar da ta ɗauka. Wanda ya bi ta WhatsApp ya rage inganci, ya kuma rasa bayanan lokaci. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar da ke bayyana na'urar da aka yi amfani da ita da yadda aka ciro hoton, lauya zai shirya ta, amma sai da wayar da mai ita. Shagunan da ke da kyamarar tsaro a je musu da wuri, na'urorin suna goge tsohon hoto da kansu. Kwanson harsashi idan an gani a ƙasa a ɗauki hotonsa a inda yake kafin a taɓa.

Ofishin 'yan sanda kansa cike yake da rubutu: dayarin ofis da ake shigar da duk abin da ya faru da lokacinsa, rajistar waɗanda ke tsare, jadawalin masu aiki a ranar, da rajistar makamai da ke nuna wa aka ba wace bindiga da harsashi nawa, nawa ya dawo da su. A shari'ar Bolanle Raheem, lauyar da aka harbe a Legas ranar 25 ga Disamba 2022, giɓin da aka samu a harsasan jami'in yana cikin abin da aka kafa hujja da shi, kuma an yanke masa hukuncin kisa a watan Oktoban 2023, ƙasa da shekara guda. Lauya ya rubuta tun makon farko ya nemi a killace waɗannan littattafai, ya ambace su ɗaya bayan ɗaya. Idan daga baya aka ce sun ɓata, Dokar Shaida ta ba kotu damar ɗauka cewa abin da aka ɓoye ba zai yi wa mai ɓoyewar daɗi ba. A duba kuma tsawon tsarewar. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, kuma babu ofishin da ke cikin Zariya ko Sabon Gari da ya yi nisan haka da kotu.

Inda ake kai kuka

Takardar koke ɗaya ce, a yi ta gajera: sunan mamaci da shekarunsa, ranar kamu da wurin, ranar mutuwa, abin da aka gaya wa dangi, raunukan da aka gani, da abin da ake nema. A kai wa Kwamishinan 'Yan Sanda a Kaduna a nemi a ɗauke binciken daga ofishin da abin ya faru a mayar da shi sashen binciken kisan kai na CID, wato ofishin binciken manyan laifuka. A ba Antoni Janar na jiha kwafi, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa wadda ke da ofis a Kaduna kuma ba ta karɓar kuɗi. Duk inda aka kai, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kwafin dangi. Takardar da ba ta da hatimin karɓa, gobe za a ce ba a gan ta ba. Sunayen shaidun da ke tsoro kada su shiga wannan takarda, su zauna a wurin lauya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, ko reshen Zariya na ƙungiyar lauyoyi, ko cibiyar taimakon shari'a ta ɗaliban lauya a harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo.

Za a ji an ce an tsare jami'in, ko an yi masa shari'ar cikin gida an kore shi. Wannan ladabtarwar aiki ce. Ƙananan jami'ai daga sufeto zuwa ƙasa a cikin rundunar ake yi musu, manya kuma sai maganarsu ta je Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. Kora ba ta maye gurbin gurfanarwa, kuma a nan ne shari'o'i da yawa ke yin barci, dangi sun ji an cire kaki sun ɗauka an gama. Abin tambaya shi ne lambar ƙara da kotun da aka kai shi. Majistare ba shi da hurumin shari'ar kisa, iyakarsa ya tura wanda ake tuhuma gidan gyaran hali. Fayil zai tafi Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin gwamnati su ba da shawara, sannan a shigar da tuhuma a Babbar Kotu. Tsakanin CID da ma'aikatar nan fayil ke maƙalewa, don haka a riƙa bibiya da takarda kowane wata. Sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙara da kansa, yana kuma iya ba lauya mai zaman kansa izinin gabatar da ita. Laifin kisa ba shi da wa'adi, ko bayan shekara goma ana iya gurfanarwa.

Neman diyya hanya ce dabam, kuma tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta laifi. Ana shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotun jiha ko ta tarayya a ƙarƙashin ƙa'idojin 2009, waɗanda suka ce babu wa'adin da ke kashe irin wannan ƙara. Da takardun rantsuwa ake yinta, shi ya sa ta fi sauri, kuma hotuna da fom D da kwafin koke su ne jarinta. Amma idan ƙarar diyya ce ta yau da kullum, dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku, kuma lauyoyin 'yan sanda da ita suke fara kare kansu. Kada a tsaya gardamar ko ta shafi wannan shari'a, a shigar kafin wata ukun. A haɗa da jami'in, da Kwamishina, da Sufeto Janar, da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda. A kuma sani tun yanzu cewa samun hukunci daban, karɓar kuɗin daban, domin cire kuɗi daga asusun gwamnati yakan buƙaci amincewar Antoni Janar na tarayya.

Za a zo ta'aziyya, wataƙila da buhun shinkafa da ambulan, wataƙila ta hannun wani babba da ake jin nauyinsa. Karɓar gaisuwa ba laifi ba ne. Yafiya kuma haƙƙin magada ce tsakaninsu da Allah, amma a dokar jiha kisan kai ba ya cikin laifukan da ake sasantawa a rufe, kuma babu mai ikon yafe kason marayu ƙanana a madadinsu don kunya. Duk kuɗin da aka kawo da sharaɗin janye koke ko hana shaidu zuwa kotu, a mayar da shi. Idan taimakon jana'iza ne, a rubuta haka a gaban shaidu.

Matasan unguwa a riƙe su. Jifa ko ƙone ofis yana ƙone rajistar da ake nema, yana jawo sabon kamu, ya mayar da dangin mamaci waɗanda ake tuhuma. A Facebook a faɗi abin da aka tabbatar kawai, kada a sa suna da hoton jami'in da ba a tabbatar shi ne ba, domin ƙarar ɓata suna tana iya biyo baya, kuma lauyansa zai ce a intanet shaidu suka ga fuskarsa.

Idan shari'a ta fara, a ware mutum ɗaya a gidan wanda aikinsa ke nan. Ya halarci kowane zama, ya rubuta ranar da aka ɗaga zuwa da dalilin ɗagawar, ya riƙe lambar lauyan gwamnati, ya tuna wa shaidu kwana uku kafin ranarsu, a tanadi kuɗin motarsu. Jami'in da ya yi bincike ana iya yi masa canjin wurin aiki zuwa wata jiha, likitan ma yana iya barin asibitin, don haka a san inda kowannensu ya koma don sammaci ya same shi. Asalin takardu su zauna a wurin lauya, kwafi ɗaya a gida, ɗaya a wurin wani ɗan'uwa a wata unguwa, hotuna da bidiyo kuma a adana su a wuri biyu ban da wayar da ta ɗauka.